Hancin Baba a Shafi Na Bakwai

Yayana ya je wani taron ƙara wa juna sani na kwana biyu, ya dawo da jaka mai tambari da biro uku da kuma albishir cewa talaucinmu ganin dama ne. Wai kuɗi na nan jibge a aljihun mutane, jira kawai suke a miƙa musu hannu. Abin da ya rage shi ne mu sayar da hannun jari a masana'antar sabulun Baba, mu sayi injin da ke yanka sabulu ya naɗe shi da kansa, daga nan sai manyan kantuna su riƙa bin layi a ƙofarmu. Ya faɗi wannan yana tsaye, don tun da ya dawo daga taron ya daina magana a zaune.

Masana'anta kuma suna ne da shi ya raɗa mata. Doguwar rumfa ce mai rufin kwano a bayan gidanmu, da tukwanen ƙarfe uku, da teburin yanka, da mata shida masu naɗi, sai wani ɗan ɗaki da muke kira ɗakin haɗi. A nan Baba ya shekara arba'in yana haɗa ƙamshi. Sabulu kam kowa na iya dafawa, mai ne da soda da haƙuri. Ƙamshin ne namu, shi mutane ke saya. Kuma ba abu ne da za a rubuta a takarda a ce an gama ba, domin duron mai na wannan watan ba ɗaya yake da na watan jiya ba. Wani ya zo da ƙarni, wani da ɗan tsami, wani lafiya lau. Sai an shinshina, a ƙara ruwan lemo, a rage kanumfari, a sake shinshinawa. A unguwarmu in Baba ya ce abu ya lalace, ba a neman shaida ta biyu.

Ni ce autarsa, ni kaɗai ce kuma na san hancin nan ya shekara biyu da ajiye aiki. Wata mura ce mai nauyi ta kwantar da shi, ya tashi garau, amma jin ƙamshi bai dawo ba. Na gane ne ranar da wayar fanka ta ƙone a ɗakin haɗi, ƙauri ya kori masu naɗi har tsakar gida, shi kuwa yana zaune a ƙarƙashinta yana jera kwalabe. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. Ya tono wani tsohon littafinsa ya koma zuba turare da ƙirgen ɗigo, in ya gama ya kai kwanon hancinsa, ya lumshe ido, ya gyaɗa kai yadda ya saba. Kullum da safe yakan rufe kwanon ya shiga gida karyawa, don haɗin ya kwanta. Ni kuma sai in shiga da tsintsiya, in buɗe, in shinshina, in gyara abin da ke neman gyara, in mayar da murfi. Shekara biyu ina sharar ɗakin da bai wuce tabarma uku ba, rabin awa kowace safiya, ba wanda ya taɓa tambayata wace irin ƙura ce wannan.

Sau ɗaya aka samu matsala, satin da na haihu. Kwali tamanin suka fita ba sharata, kantuna suka dawo da su, wai warin tsohon mai suke. Baba ya ce Gajere ne ya cuce shi. Gajere shi ne dillalin da ya shekara ashirin da biyar yana kawo mana mai, abokin hirar Baba, mutumin da ke zuwa da alewa a aljihu saboda ni tun ina ƙarama. Baba ya taka har layin masu mai ya faɗa a gaban kowa cewa man Gajere gauraye ne. Da na dawo aiki na shinshina ragowar duron, sai na ji mai ne lafiyayye, ɗan ƙarfi kawai ya yi, cokali biyu na ruwan lemo da sun kashe maganar. Na ja bakina na yi shiru. Na ce wa kaina mai jego ba ta shiga rigimar maza, kuma dalilin nan ya yi mini daidai ƙwarai a lokacin.

To, Yaya bai san ko ɗaya daga wannan ba, shi ya sa ya buga takardun talla dubu biyu da hoton Baba ta gefe, don hancin ya fito sosai. A ƙasa aka rubuta da manyan baƙaƙe: HANCI MAI SHEKARA ARBA'IN. ZUBA JARINKA KA YI BARCI. Ya raba a tashar mota da shagon aski, ya tura a waya ga duk wanda tsautsayi ya sa ya taɓa ba shi lamba. Kwana goma sai ga wasiƙa daga hukumar da ke sa ido kan sayar da hannun jari. Cikin ladabi suka ce mu dakata, kada mu karɓi ko sisi daga hannun jama'a sai mun cike takardar bayani an duba an buga mata hatimi.

Yaya ya ɗau zafi. "Kamfanin ubana, kuɗin mutane, ina ruwan hukuma? Mutum ba zai ba ɗan'uwansa amana ba sai an buga hatimi?"

Na ce, "Ka je ka faɗa musu haka mana."

Ya ce shi shugaba ne, shugaba ba ya zaman benci. A ranar na samu ƙarin girma. Ashe doka na son daraktoci biyu, sai ya naɗa ni darakta ta biyu, saboda, in ji shi, rubutuna yana da kyau.

Ofishin yana hawa na huɗu, na'urar hawa kuma tana hutu tun bara. Akwai benci, akwai tulun ruwan sanyi na zamani da ba kofi, akwai agogon bango da ya tsaya a ƙarfe biyu saura kwata, watau a wurinsu kullum an kusa tashi. Wadda aka haɗa ni da ita wata jami'a ce siririya mai gilashi da igiya a wuya, muryarta ba ta hawa ba ta sauka. Ta miƙo mini takarda mai shafi goma sha biyu, ta ce duk mai son sa kuɗinsa sai an ba shi ita ya karanta kafin ya ciro ko ficika. Shafi goma sha ɗaya ba su ba ni wahala ba. Na bakwai ne ke cewa: Lissafa duk abin da ka iya jawo wa mai zuba jari asarar kuɗinsa.

Yaya ya karɓi biro ya rubuta "Babu", ya ja layi biyu a ƙasa don kada a yi zaton wasa yake. Na hau hawa huɗu na kai. Mai gilashi ta duba, ta dube ni.

"Babu?"

"Haka shugaba ya ce, ranki ya daɗe."

"Kuna dafa mai a kan wuta, ƙarƙashin rufin kwano, a bayan gidan da mutane ke kwana, kuma babu." Ta turo mini takardar. "Ki gaishe da shugaba."

Zagaye na biyu Inna ce ta karɓi ragama. Da ta ji abin da ake so a rubuta sai ta dafe ƙirji. Ta ce ita a gidansu ba a kiran masifa da baki, balle a rubuta ta da biro a sa mata hannu, wannan ai gayyata ce. In dai dole sai an ambata, to a ambata yadda masu hankali ke yi. Ta zauna a kaina tana faɗa ina rubutawa, ni kuma da haushin hawa huɗu a gwiwata na rubuta yadda ta faɗa.

Mai gilashi ta karanta a bayyane, ba ta tsallake ko layi ɗaya ba. "Gobara, Allah ya kiyaye. Amin. Tashin farashin mai, Allah ya sawwaƙe. Amin. Ɓarayi, Allah ya fi su. Amin. Rashin ciniki, ba ma fata." Ta cire gilashin. "Ni ma ba na fata, 'yar'uwa. Na amsa addu'a duka. Yanzu sai a koma a rubuta in gobarar ta zo, me zai rage wa wanda ya ba ku kuɗinsa."

Zagaye na uku Yaya ya ce mu bar masa, an koya musu wannan a taro. Ya shige ɗaki da kwamfuta, ya fito da shafi takwas cike da manyan kalmomi. Ban karanta ba, laifina ne, na ɗauka na hau. Wannan karon ta daɗe tana dubawa, har na fara murna.

"Jiragen ruwanku nawa ne?"

Na ce, "Na'am?"

"An rubuta nan cewa jiragenku na dakon kaya na iya nutsewa. A shafi na gaba kuma ramin haƙar ma'adininku na iya ruftawa da ma'aikata. Ina so in san ko duk a bayan gidan suke."

Ashe na wani ƙaton kamfani ya kwafo, sunan kawai ya canza. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da ta ga idona ya kawo ruwa sai ta ajiye takardun gefe, ta jawo aljihun tebur, ta fito da takardar tallanmu, ga hancin Baba ya cika rabin shafi.

Ta ce, "Bar jiragen. Ku da kanku kuka ce wannan kuke sayarwa. Ba tukunya ba, ba rumfa ba, hancin mutum ɗaya. Shekarunsa nawa? In ya kwanta ciwo wa zai haɗa? Akwai abin da kika sani game da shi wanda da ke ce mai ba da kuɗin za ki so a faɗa miki?"

Na ce Baba lafiyarsa ƙalau, wanda kuma gaskiya ne in an cire wuri ɗaya.

Ta buɗe shafin ƙarshe ta ɗora yatsa a kan layin sa hannu. Darakta na shaida cewa bai ɓoye komai ba, in kuma ya ɓoye akwai tara mai nauyi, akwai gidan yari. Ta ce, "Wannan don ki sani ne. Amma ba ni kike rubuta wa ba. Ni albashina zai shigo ko sabulunku ya yi ƙamshi ko ya yi wari."

Na san waɗanda nake rubuta wa, don suna ta zarya a gidanmu suna tambayar yaushe za a fara karɓa. Akwai direban bas da ya fasa canza inji. Akwai biyu daga cikin masu naɗinmu. Akwai malamata ta firamare, wadda ta koya mini rubutun nan mai kyau da ya jawo mini darakta, ta yi ritaya, tana so ta kawo kuɗin sallamarta gaba ɗaya. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ni ban san jari ba, 'yata. Hancin babanki na sani." In na rubuta gaskiya na tona asirin da ubana ya shekara biyu yana rufewa da lumshe ido da gyaɗa kai. In na ƙi, na sayar wa tsohuwar nan abin da babu shi. Tsoron gidan yari na ji, ba zan yi ƙarya ba, amma kunyar Baba ta fi shi nauyi a ƙirjina.

Na ja Yaya bayan tukwane na faɗa masa komai. Ya zauna a kan duro, karo na farko cikin wata guda da na ga ya zauna.

"Wa ya sani?"

"Ni. Yanzu kai."

"To ni ban ji ba, ke kuma ki manta." Ya yi ɗan tunani, fuskarsa ta washe. "Ai ma ba ƙarya muka yi ba. Hancin yana nan, shekarunsa arba'in a sana'a. Mun ce yana aiki? Ki rubuta cewa kamfani ya dogara da ƙwarewar da ke gudana a cikin iyali."

"Gudana."

"Kalma ce mai kyau."

Na ce in tana da kyau ya je ya karanta wa Malama ita, ya dubi idonta. Ya ce matsalata ke nan, ba ni da hangen nesa. Ya miƙe ya tafi duba kalar injin da za a saya.

Kwana uku takardar tana cikin jakata, shafi na bakwai fari fat. Ran na huɗu da la'asar, masu naɗi sun tashi, Baba ya leƙo daga ɗakin haɗi ya ce, "Auta, zo." Na shiga ya ce in tura ƙofa. Takardar hukuma na kan teburinsa, ashe ya zaro ta daga jakata, ga gilashin karatunsa a kai.

"Sau nawa kika hau benen nan?"

"Huɗu, Baba."

"Saboda wannan shafin." Ya shafa shi da tafin hannu. "Matar nan ta fi yayanki hankali, ko da yake wannan ba yabo ba ne mai yawa. Zauna in faɗa miki abin da ban faɗa wa uwarki ba. Hancina ya mutu, Auta. Tun murar nan. Ko turare ko kwata, duk ɗaya ne a wurina."

Na sunkuyar da kai. Ya ɗauka kaɗuwa ce, har ya dafa kafaɗata yana ba ni haƙuri.

"Ba zan ci kuɗin mutane da hoton abin da ba ya aiki ba. Na rubuta, ke sai ki kwafe da rubutunki." Ya miƙo mini bayan kwali, ya yi rubutu da fensir. Na karanta. Layi na farko: Mai haɗa ƙamshin kamfanin nan ya daina jin ƙamshi shekara biyu da suka wuce. Wani sanyi ya ratsa ni, na ce ashe duk wahalar da na sha a banza ce, mutumin nan ya fi mu duka. Sai na kai layi na biyu: Amma tun daga lokacin yana haɗawa da ƙirge da sabon hannu, kuma ƙamshin bai canza ba, masu saye shaida ne.

Yana kallona yana murmushi, irin murmushin da rabona da gani tun kafin murar. "Kin gani? Shekara biyu, ba wanda ya gane. Hanci ya tafi, hannu ya riƙe. Ni kaina na yi mamaki. Wannan shi ke tashina da safe, Auta, in ce to, ashe da saurana."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Asirin da nake ta karewa ya ba da shi kyauta, abin da ya riƙe ya ƙi saki kuma shi ne ƙaryar, kuma ni na ƙera masa ita da tsintsiyata. Na duba layin nan na biyu na ga Malama tana karanta shi tana gyaɗa kai.

Na ce, "Baba, na farkon zan kwafe. Na biyun ba zan iya sa masa hannu ba."

"Saboda me? Ƙamshin ya canza ne?"

"Bai canza ba."

"To?"

Na dubi tsintsiyar da ke jingine a bayan ƙofa. Ya bi idona ya dube ta. Ya dubi ɗakin, tabarma uku, ƙasa tas kamar an lashe. Murmushin ya daɗe kafin ya gama sauka.

"Tun yaushe?"

"Tun satin da fanka ta ƙone."

"Kullum?"

"Kullum."

"Da yawa kike gyarawa?"

Na so in ce kaɗan. Na ce, "Wata rana kaɗan."

Ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya buɗe littafin ƙirgen nan nasa ya rufe. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kullum, kika ce. Har satin da kika haihu?"

"Ban da shi."

Ba sai na ƙara komai ba. Na ga lokacin da lissafin ya isa inda za shi, hannunsa ya kama gefen tebur.

"Man Gajere..."

"Lafiyarsa ƙalau, Baba. Na shinshina da na dawo."

"Kika yi shiru."

"Na yi shiru."

Bai yi faɗa ba. Ya ɗauki fensir ya soke layi na biyu, ya yi rubutu a ƙasa, ya turo mini, ya tashi ya fita ba hula. Ga abin da ya rubuta: 'Yarsa ce ke gyara haɗin. Ita kaɗai ta iya, ba a koya wa kowa ba. Ranar da ba ta nan kaya sun lalace. Na zauna na yi kukana ni kaɗai, na kuma ji haushin kaina, don rabin kukan na tausayinsa ne, rabi na kunyata.

Washegari na hau hawa huɗu. Mai gilashi ta karanta shafin, har da gobara da tsadar mai da na rubuta tiryan-tiryan ba addu'a. Na jira baƙar magana, ba ta zo ba. Ta ce a janye takardar talla, a rubuta wa za a koya wa haɗin da kuma yaushe, sannan ta buga hatimi. Da na kai ƙofa ta ce, "Allah ya ba shi lafiya." Na ce amin.

Aka raba takardar. Direban bas ya karanta ya tuna ashe injinsa ba zai kai baɗi ba. Wasu da dama suka bi bayansa. Yaya ya ce na kashe kamfani da gaskiyar da ba wanda ya tambaya, ya koma duba ƙaramin inji mai yanka kawai, naɗi sai dai hannu. Malama ta zo da rabin abin da ta yi niyya, ta ce rabin na hancina ne, ɗaya rabin kuma za ta riƙe har sai ta ga na koya wa wani. Ta ƙara da cewa na rubuta "dogaro" ba daidai ba a layi na huɗu.

Baba kuwa sati guda bai taka ɗakin haɗi ba. Ni nake haɗawa, ƙofa a buɗe, ba tsintsiya. Ran na takwas na fito da safe na same shi zaune a cikin motar kai kaya, a kujerar gefe, da hularsa ta fita unguwa.

"Tuƙa," ya ce. "Layin masu mai."

Shagon Gajere yanzu na sayar da murfin waya ne. Wani maƙwabci ya ce ai tun bara ya rufe, wa zai sayi man da mai hancin nan ya ce gauraye ne? Ya kwatanta mana wani sito a ƙarshen layi. Can muka same shi, yana gangara duro a ƙarƙashin wani dillalin da a da shi ke yi wa Gajere aike. Ya rame, rigarsa duk mai. Da ya ga Baba ya tsaya, ya goge hannu a jiki, bai miƙo ba.

"A'a, manya ne a layinmu. An zo duba ko na gurɓata na wasu ma?"

Mutane suka fara matsowa, waɗanda suka ji maganar farko da yawansu suna nan. Gajere ya kwance murfin duron da ke gabansa, ya tsoma ɗan tsinke, ya ɗago shi har ƙofar hancin Baba, yadda ya shekara ashirin da biyar yana yi.

"Bisimilla. Shinshina ka gaya musu."

Baba ya karɓi tsinken. Na ga hannunsa ya fara kai shi hanci, idonsa ya fara lumshewa, sabo. Sai ya tsaya. Ya juya ya miƙo mini.

"Ita za ta shinshina," ya ce, da ƙarfin da na bayan layi za su ji. "Ni ba na ji. Ranar da na zo nan na ɓata maka suna ma, ba na ji."

Gajere ya dube shi, sannan ya dube ni, ni da ya saya wa alewa. Tsinken na hannuna, mai na gangarowa a yatsana, kowa na jiran in shinshina in faɗi.

Na ce, "Lafiyayye ne, Kawu. Wancan ma lafiyayye ne. Na sani tun lokacin."